Feshin hanci na feftayid dan samun barci mai nauyi: yadda ake fesawa da abinda ya kamata ka sani kafin ka kai shi hancinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hausawa sunce barci ɓarawo ne, amma duk wanda ya taɓa kwana yana juyi akan katifa har ladan ya kira assalatu idonsa biyu yasan akwai daren da ɓarawon baya zuwa. Ni na shiga wannan halin na tsawon watanni, kuma abinda yafi damuna ba rashin barcin gaba ɗaya bane, a'a, zan yi barcin amma sama-sama, ƙaramin motsi na farka, da safe in tashi jikina kamar an min duka. A lokacin ne na fara cin karo da tallar wata 'yar kwalba a TikTok da Instagram, wai feshin hanci ne na feftayid, ka fesa kafin ka kwanta ka samu barci mai nauyi irin na jarirai. Na zauna na karanta abinda zan iya karantawa akai, na kuma tambayi masu harkar magani, shine nace bari in rubuta dan naga mutanenmu sun fara odarsa daga waje kuma da yawa ko yadda ake riƙe kwalbar basu sani ba balle abinda ke ciki.

Shi feftayid ba wani abin mamaki bane, gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin dasu. Insulin da masu ciwon suga ke allura ma danginsu ne. Matsalarsu in ka haɗiye su ciki zai narkar dasu kamar yadda yake narkar da tsire, shi yasa ake bi dasu ta allura ko ta hanci, dan fatar cikin hanci siririya ce kuma cike take da ƙananan jijiyoyin jini. Amma fa kar ka ɗauka duk abinda ka fesa yana shiga jini, akwai wani feftayid da ake kira kalsitonin na masu raunin ƙashi da ake fesawa a hanci, shi kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai yake kaiwa jini, sannan hanci da kansa yana share duk abinda ya faɗa masa ya tura maƙogwaro cikin minti 15 zuwa 20. Kaga kenan yadda kayi feshin ba ƙaramin abu bane, in kayi ba daidai ba kuɗinka ne kawai ka haɗiye.

Wanda akafi tallatawa da sunan barci shine DSIP, wato Delta Sleep-Inducing Peptide, ma'ana feftayid mai jawo barcin delta. Wasu masana ne guda biyu a Basel ta ƙasar Siwizalan, Marcel Monnier da Guido Schoenenberger, suka ciro shi a 1974 daga jinin zomaye, sun sa zomayen barci ta hanyar taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwarsu da lantarki, suka tace jinin da ke fitowa daga kan, suka zuba abinda suka tace a ƙwaƙwalwar wasu zomayen daban sai na'ura ta nuna irin manyan igiyoyin nan masu tafiya a hankali da ake kira delta, waɗanda sune alamar barci mai nauyi. A 1977 suka fitar da tsarinsa, amino asid 9 ne kacal. Daga nan sunan ya samo asali, kuma sunan ne ke sayar dashi har yau.

Toh amma da aka zo kan mutane labarin bai yi daɗi haka ba. Gwaje-gwajen da akayi a shekarun 1980 ƙanana ne, mutane kaɗan, kuma ta allurar jijiya aka basu ba ta hanci ba. A 1992 an gwada akan mutum 16 masu daɗaɗɗen rashin barci, wasu aka basu DSIP wasu aka basu allurar da ba magani a ciki ba tare da sun san wanne aka basu ba, sakamakon ya nuna ɗan bambanci mai rauni, masu binciken da kansu suka ce da wuya ya zama wani babban magani. Har yau ba a gano ƙwayar halittar gado da ke ƙera shi a jiki ba, kuma jini yana wargaza shi cikin mintuna. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka bata amince dashi a matsayin magani ba, a 2023 ma sai ta saka shi cikin jerin sinadaran da take da damuwa akan haɗa magani dasu. Shi yasa in ka duba kwalaben da ake saidawa a intanet zaka ga da yawa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa na bincike ne kawai ba dan amfanin ɗan Adam ba, wannan rubutun kuwa ba ado bane, mai kamfanin ne yake wanke hannunsa tun kafin wani abu ya same ka.

Ra'ayina a fili, ni bazan ce ma kowa ya fara da wannan ba. Amma nasan akwai wanda ya riga ya siya, akwai wanda ɗan'uwansa ya aiko masa daga Turai, akwai kuma wanda likita ne ya rubuta masa wani feshin feftayid ɗin na daban, toh dan su nake wannan bayanin.

Abu na farko, kafin ka ɓalle murfin, ɗauki kwalbar da kwalinta ka kai ma likita ko ƙwararren famasis, ba yaron kemis na bakin layi ba, ka faɗa masa duk magungunan da kake sha har na gargajiya. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara kam babu su a wannan maganar kwata-kwata, musamman tunda wasu feshin ana haɗa su da oksitosin, shi kuwa oksitosin shine sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa lokacin naƙuda, 'yar'uwa ki kiyaye wannan dan Allah. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai farfaɗiya, da wanda ke shan maganin damuwa ko wani maganin barci, duk kar su taɓa sai da sanin likitansu. Sannan ka duba jikin kwalbar, akwai lambar NAFDAC? akwai ranar lalacewa da lambar rukunin da aka haɗa? an rubuta nawa ne ke fita a feshi ɗaya? In babu waɗannan toh baka san me kake sakawa a jikinka ba, kuma ka sani hukumar FDA bata ƙayyade adadin DSIP da ya kamata mutum ya fesa ba, duk lambar da ka gani ana yawo da ita mai saidawa ne ya zaɓa ma kansa, dan haka ni bazan baka wata lamba anan ba.

Ajiya itace inda mu ke da matsala ta musamman. Yawancin feftayid in yana cikin ruwa firij yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba firiza ba dan in ya daskare ya lalace. Yanzu ka tuna kwalbar da ta yi kwana da kwanaki a hanya, ta kwana a tasha cikin but ɗin mota, ta iso Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ana zafin digiri 40, sannan ta shiga firij ɗin da wuta ke zuwa masa awa uku a rana. Wallahi ko da abin kirki ne aka zuba tun farko ba lallai ya iso ka da ƙarfinsa ba. In baka da tsayayyiyar wuta ko sola toh ka sake tunani tun kafin ka tura kuɗi. Ranar da ka buɗe ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar da biro, in kaga ruwan ya yi duhu ko ya canza kala ko wani abu na yawo a ciki ka zubar, kar ka ji ƙyashin kuɗin.

Akwai wani mataki da kusan kowa ke tsallakewa kuma a ganina yafi feshin kansa muhimmanci. Kafin ka fara, samu ƙaramin littafi kayi sati biyu kana rubuta barcinka ba tare da ka fesa komai ba. Ƙarfe nawa ka kwanta, kamar minti nawa ka ɗauka kafin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, ƙarfe nawa ka tashi, yaya kaji jikinka da safe ka bashi maki daga 1 zuwa 5, sai kuma shayi ko goro ko lemun ƙarin kuzari da ka sha da lokacin da ka sha. Dalili shine mutum in ya kashe kuɗi mai yawa akan abu kuma ya sa rai, daren farko da na biyu zai yi barci mai daɗi ko da ruwan gishiri ne a kwalbar, wannan sananne ne a harkar magani, in baka da rubutun baya da zaka gwada dashi bazaka taɓa gane gaskiya ba. Agogon hannu mai auna barci yana taimakawa wajen sanin tsawon awannin, amma kar ka dogara da abinda yake ce maka akan barci mai nauyi, motsi da bugun zuciya yake aunawa ya yi hasashe, ainihin awon sai an liƙa wayoyi a kai a ɗakin gwaji.

Yanzu feshin kansa. Wannan tsarin ya shafi duk wani feshin hanci har na masu atishawa da toshewar hanci, dan haka ko baka da niyyar feftayid ka karanta.

Ka wanke hannu, ka fyace hanci a hankali har ya washe. In sabuwar kwalba ce ko ta kwana biyu ba a taɓa ta ba sai ka fara danna ta a iska, ka juya bakin nesa da fuskarka, har sai kaga feshin ya fito lafiyayye kamar hazo ba ɗigo-ɗigo ba, in ba haka ba feshin farko iska ce kawai zaka shaƙa. Ka zauna ko ka tsaya, sannan ka ɗan sunkuyar da kai kamar mai kallon yatsun ƙafarsa. Nan ne mutane suke kuskure, kowa sai ya ɗaga kai sama kamar mai ɗiga maganin ido, da kayi haka ruwan ya zarce maƙogwaro kenan. Ka riƙe kwalbar da hannun dama in ƙofar hagu zaka fesa, in ƙofar dama ce ka riƙe da hagu, hikimar itace bakin kwalbar zai karkata da kansa ya kalli gefen waje, wajen kunne, ya bar guringuntsin nan na tsakiya da ya raba hancin biyu. Wannan wajen na tsakiya shine yafi saurin haɓo, in kana harbinsa kullum zai yi rauni ya fara jini. Ka shigar da bakin kaɗan kawai ba sai ka cusa ba, ka toshe ɗaya ƙofar da yatsa a hankali, ka danna sau ɗaya har ƙasa kana jan numfashi sannu-sannu kamar mai sansanar turare, ba irin shaƙar ruwan alwala mai ƙarfi ba, sai ka fitar da numfashin ta baki. Feshi ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma ne na mililita, ɗan mitsitsi ne, kuma hanci baya riƙe fiye da haka sosai, dan haka danna sau huɗu biyar a ƙofa ɗaya ba ƙarin amfani bane zubewa zai yi. In kaji ɗaci ko ɗanɗanon magani a harshe toh ka ja da ƙarfi ko ka ɗaga kai, gobe ka gyara, amma kar ka ƙara wani feshin a daren da sunan ramuwa.

Bayan ka gama kar ka fyace hanci na kamar minti 15, ka goge bakin kwalbar da tishu mai tsafta ka rufe ka mayar firij. In ramin ya toshe kar ka tsokane shi da allura ko fil, yana ɓata awon abinda ke fita. Kuma kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce, ko mata da miji kar su haɗa, hanci matattarar ƙwayoyin cuta ne.

Lokacin hunturu sai an ƙara kula dan ƙura da bushewar iska suna fasa cikin hanci, yara da manya kowa na haɓo. Feshin ruwan gishiri da ake saidawa a famasi yana taimakawa, kayi shi tukunna ka fyace ka jira mintuna kaɗan sannan kayi ɗayan. In kana mura hanci ya toshe ko yana yoyo ka haƙura sai ka warke, abinda zai shiga jiki a wannan halin bashi da tabbas. Kuma kar kace bari in buɗe hancin da Otrivin kullum dan feshin ya samu hanya, irin waɗannan masu buɗe hanci in aka wuce 'yan kwanaki ana yinsu, kar dai ya kai sama da sati, sai hancin ya koma toshewa fiye da da duk sanda aka daina, na san mutanen da suka shekara da kwalbar a aljihu saboda haka.

Lokacin fesawa ka bi abinda likitanka ya ce, kuma ya zama lokaci ɗaya kullum. Daren farko ka zaɓi wanda washegari baka da tuƙi ko aikin inji. Kar ka haɗa shi da diyazefam ko tiramadol ko maganin tari mai kodin ko wani abu mai sa maye, ko kaɗan. Ka ci gaba da rubutu a littafin nan wani sati biyun kuma kar ka canza wani abu daban a rayuwarka a lokacin, in ba haka ba bazaka san wanne ya yi aikin ba. Bayan sati biyu ka ajiye shafukan gefe da gefe, in makin safiya bai motsa ba ka daina. In kuwa kaga ƙaiƙayi da borin jini, ko kumburin leɓe da fuska, ko numfashi na sarƙewa, wannan asibiti ne kai tsaye a daren ba sai gari ya waye ba. Ciwon kai mai nacewa, jiri, bugun zuciya, ko haɓo da yaƙi tsayawa, ka dakata ka koma wajen likita da kwalbar a hannunka.

Bari in ɗan ratse akan wani feshin feftayid da yake na gaske mai rajista, wato desmofiresin. Shi ba maganin barci bane, fitsari yake ragewa, amma wanda fitsarin dare ke tayar dashi sau uku sau huɗu yana iya jin labarinsa yaje ya nema. Haɗarinsa yana tara ruwa a jiki gishirin jini ya faɗi, mutum ya fara ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa har ta kai ga jijjiga, shi yasa ake hana shan ruwa da yawa daga awa ɗaya kafin ayi shi har awa 8 bayansa, kuma saboda wannan haɗarin ne a 2007 FDA ta cire na feshin daga maganin fitsarin kwance na yara. Baba ko kawu da ke yawan tashi fitsari a fara auna masa suga a duba mafitsara da furostet, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza, tukunna.

Shi barci mai nauyi da kowa ke nema yawancinsa a kashin farko na dare yake zuwa, barci yana zagayawa ne duk kamar minti 90 kuma zagayen farko da na biyu sune ke ɗauke da mafi yawansa, sannan yana raguwa da shekaru, ɗan shekara 60 bazai samu irin na ɗan 20 ba kuma wannan ba cuta bace. Abinda ke kawo shi shine gajiyar da ƙwaƙwalwa ta tara tun safe, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa, kafeyin ɗin da ke cikin shayi da goro kuma aikinsa kenan ya toshe inda adenosin ɗin ke zama. Bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗin da ka sha yana nan a jininka. Toh ka lissafa, atayan da aka dafa a majalisa bayan isha'i aka sha na farko da na biyu da na uku, ko goron da aka ɓara da magariba, ƙarfe biyun dare suna nan daram. Ni dai a nawa littafin abinda ya fito fili kenan, duk ranar da na zauna shan shayi da dare makin safiyata 2 ne, da na mayar da shayin kafin azahar cikin sati guda na fara ganin 4. Masu shan diyazefam kuma su sani yana kwantar da mutum amma yana rage ainihin barci mai nauyin, kuma wanda ya daɗe yana sha kar ya yanke lokaci ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

Sauran gajeru ne. Ka tsayar da lokacin tashi ɗaya har ranar da babu aiki, asuba ta riga ta sauƙaƙa mana wannan in dai mun kwanta da wuri, ka fita hasken safiya ya taɓa idonka. Ƙailula ta zama minti 20 zuwa 30 kuma kafin la'asar. Jiki sai zafinsa ya ɗan sauka yake shiga barci mai nauyi, dan haka wanka awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya da ɗaki mai iska da gidan sauro suna aiki sosai, janareto kuwa a waje nesa da taga dan hayaƙinsa na kisa cikin barci. In ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba ka tashi ka zauna a haske mara ƙarfi kayi tasbihi ko karatu, ba waya ba, sai kaji ido ya yi nauyi ka koma. Irin waɗannan dabarun in aka tsara su da ƙwararre su ake kira CBT-I, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce dashi ya kamata a fara ma mai daɗaɗɗen rashin barci kafin ayi maganar ƙwaya.

Akwai mutum ɗaya da nake roƙo kar ya ɓata kuɗinsa akan kowane feshi, shine mai munshari mai ƙarfi wanda iyalinsa ke cewa yana yin shiru kamar numfashi ya ɗauke sannan ya zabura da wani irin gurnani, ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, rana kuma yana gyangyaɗi a zaune ko a kan sitiyari. Wannan maƙogwaronsa ne ke rufewa cikin barci, duk sanda ya kusa nutsawa sai jiki ya fizgo shi dan ya sha iska, yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, kuma duk abinda ke ƙara kwantar da jiki yana iya ƙara masa matsalar. Hajiya in maigida haka yake ki ɗauki muryarsa a waya na minti biyu uku yana barci, ku tafi da ita asibiti tare da littafin nan na sati biyu, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Shika, ku nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko na huhu. In kuma tunani da damuwa ne ke hana ido rufuwa har ya wuce wata uku, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna duba masu rashin barci, mutum yaje da ƙafarsa ya yanki kati kamar kowane asibiti, in akwai kwalbar feshin a gida a sa ta a jaka a tafi da ita likita ya gani da idonsa.